Byang Kato Na Kwoi, Bawan Allah Mai Auna Littattafai

Akwai wata tambaya wadda takan taso kullum cikin ekklesiyoyinmu, a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da sauran wurare. Saurayi mai karatu yakan sami wani littafi a kasuwa ko a tasha, ko kuwa wani ya aiko masa da shi cikin wayar hannu. Littafin yana sūkar bangaskiyarmu, ko kuwa yana kawo wata koyarwa dabam da sunan Kristi. Sai saurayin ya zo wurin dattawa yana tambaya, ko ya karanta, ko ya bari. Waɗansu dattawa sukan ce a ƙone shi, kada kowa ya taɓa. Waɗansu samari kuwa sukan haɗiye dukan abin da ke ciki, domin an buga shi da inji, mai rubutun kuma yana da digiri. Cikin wannan wata muna so mu ba ku labarin wani ɗan ƙasarmu wanda ya bi wata hanya dabam da waɗannan biyu. Sunansa Byang Henry Kato.

Haihuwarsa Da Tubansa

An haifi Byang Kato ran 23 ga watan Yuni, 1936, a Kwoi, cikin ƙasar da ta zama Jihar Kaduna yanzu. Shi mutumin Ham ne, waɗanda Hausawa suke kira Jaba. Iyayensa masu bin addinin gargajiya ne. Tun yana jariri ubansa ya keɓe shi domin aikin tsafi, yana sa zuciya yaron za ya girma ya zama mai kula da wurin hadaya na kakanninsa. Saboda haka Byang ya tashi yana ganin yanka da al'adu na wannan addini da idonsa, aka kuwa shigar da shi cikin asirin maza kamar sauran yaran garin.

Mishan na SIM sun zauna a Kwoi tun 1910, suna da makaranta a can. Da fari uban Byang bai yarda ya tafi ba, gama yana bukatarsa a gona. Daga baya ya bar shi, bisa sharaɗi ya fara yin aikin gona tukuna. A makarantar nan ne ya ji labarin Nuhu da jirgi, yadda ƙofa ɗaya ce ta tsira daga ruwan tufana. Maganar ta kama zuciyarsa, ya ba da gaskiya ga Yesu Kristi yana da shekara 12. Aka yi masa baftisma a 1948, aka sa masa suna Henry.

Wannan abu ya ɓata wa ubansa rai ƙwarai. Ya duke shi, ya hana shi abinci, ya ƙi biyan kuɗin makaranta. Yaron ya yi ta ƙananan ayyuka a gidan mishan domin ya sami abin biya. Bai juya baya ba, bai kuwa rena ubansa ba. Allah cikin alherinsa ya ji addu'arsa, bayan waɗansu shekaru iyayensa kuma suka zama masu bi.

Ya kamata mu riƙe wannan sashi na labarin da kyau, gama shi ne tushen abin da ya biyo baya. Sa'anda Kato ya zo yana gardama da manyan malamai a kan addinin gargajiya, yana maganar gidan da aka haife shi ne. Mai ɗaki shi ya san inda ɗakinsa yake yoyo.

Neman Ilimi

A 1955 ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, cikin Jihar Kwara ta yanzu, ya gama a 1957. A wannan shekara ya yi aure, Allah kuwa ya ba su 'ya'ya uku. Ya koyar cikin makarantun Littafi Mai Tsarki na SIM, ya kuma yi aiki a Ikko cikin ofishin mujallar African Challenge, inda yakan amsa wasiƙun masu karatu waɗanda suke da damuwa da tambayoyi.

Kato bai sami shiga sakandare ba. Amma bai zauna yana kuka da rashi ba. Bayan ya tashi daga aiki yakan zauna da littattafai da dare, yana karatu ta hanyar wasiƙa, har ya ci jarrabawar da take buɗe wa mutum ƙofar jami'a. A 1963 ya tafi Ingila, ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Landan, a 1966 kuma ya sami digiri na tauhidi daga Jami'ar Landan. Da ya komo gida ya koyar a Igbaja. A 1967 aka zaɓe shi Babban Magatakarda na ECWA, ya zauna a Jos. Shekarun nan na yaƙin basasa ne, lokacin baƙin ciki da rarrabuwa, ya kuwa ɗauki wannan kaya har 1970.

Daga nan ya tafi Amurka, makarantar tauhidi ta Dalas. Ya sami digiri na biyu a 1971, a 1974 kuma aka ba shi digirin dakta.

A zamanin nan akwai masu bi na kirki waɗanda suke tsoron ilimi mai zurfi, suna tsammani yakan kashe bangaskiya. Kato bai yarda da su ba. A 1973, a taron Limuru cikin ƙasar Kenya, ya gaya wa shugabannin ekklesiyoyin bishara na Afirka cewa ciwon da ke damun ekklesiya ƙarancin jini ne wajen sanin tauhidi. Mutane suna tuba dubu dubai, amma masu koya masu da zurfi kaɗan ne. A wannan taro aka zaɓe shi Babban Magatakarda na ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, shi ne ɗan Afirka na fari da ya riƙe wannan matsayi. Sai ya ƙaura zuwa Nairobi da iyalinsa.

Littattafan Da Ya Auna

Bayan da ƙasashen Afirka suka sami mulkin kai, malaman jami'a suka tashi domin su wanke sunan kakanninmu. Suna da dalili, gama Turawa da yawa sun rubuta cewa baƙar fata bai san Allah ba sam, ba shi da komi sai duhu. Cikin masu ba da amsa akwai manyan Kirista biyu. Na ɗaya Bolaji Idowu ne, Bayarabe, malami a Jami'ar Ibadan, wanda ya zama shugaban ekklesiyar Methodist ta Nijeriya. A 1962 ya fitar da littafi a kan Olodumare, watau sunan Allah wurin Yarabawa. Na biyu John Mbiti ne, mutumin Kenya, pasto na Anglican, wanda ya koyar a Jami'ar Makerere ta Uganda. Littafinsa a kan addinai da hikimar Afirka ya fito a 1969, wani kuma a 1970 inda ya tattara abin da kabilu kusan 300 suke faɗi game da Allah.

Littattafan nan suka bazu cikin jami'o'i da makarantun horon malamai. Samari Kirista suna karanta su da murna. Waɗansu pastoci kuwa suna jin labarinsu daga nesa, suna tsoro, ba su buɗe su ba.

Kato ya saye su, ya zauna ya karanta su shafi shafi. Aikin daktansa duka a kansu yake da irinsu. A 1975 aka buga shi a Kisumu ta Kenya da suna Theological Pitfalls in Africa, watau ramukan da ke kan hanyar tauhidi a Afirka. Ga yadda ya bi da al'amarin.

Da fari ya karɓi abin da yake gaskiya. Ya yarda kakanninmu sun san akwai Mahalicci. Mutanensa na Ham suna kiransa Nom tun kafin wani Bature ya taka ƙasarsu. Wannan bai ba shi mamaki ba, gama Zabura 19 da Romawa 1 da Ayyukan Manzanni 14 sun koya mana Allah ya bayyana ikonsa ga dukan al'ummai ta wurin halitta da damina da abinci. A nan ya tsaya tare da Idowu da Mbiti, ya ƙi maganar masu rena baƙar fata.

Sa'an nan ya yi tambaya wadda ita ce cibiyar maganar: sanin nan ya isa ya ceci mutum? Idowu ya koyar cewa allolin Yarabawa kamar wakilai ne na Allah ɗaya, mai yi masu sujada a ƙarshe Allah yake yi wa. Kato ya kai wannan magana gaban Littafi Mai Tsarki, ya ga Romawa 1 wadda ta ce mutane sun san Allah ita ce kuma ta ce sun sāke shi da gumaka. Ya kai ta gaban abin da ya gani a Kwoi, ya tuna mutanensa suna ambaton Nom, amma hadayunsu da tsoronsu wajen iskoki suke. Sai ya kammala cewa haske na halitta gaskiya ne, amma yana nuna wa mutum laifinsa ne, ba ya iya kawar da shi. Ceto cikin Kristi kaɗai yake, bisa ga Yohanna 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne koyarwa wadda take cewa dukan mutane za su tsira a ƙarshe ko ta wace hanya. Ya ga idan wannan ta shiga ekklesiya, ba sauran dalilin da za ya sa mai bishara ya bar gidansa, wahalar da shi kansa ya sha yana yaro kuma ta zama banza.

Akwai wata magana ta Mbiti wadda ta yi suna ƙwarai. Ya ce cikin tunanin mutumin Afirka akwai dogon lokaci na baya, wanda ya kira da kalmar Suwahili zamani, kalmar da mu ma muke da ita, akwai kuma lokacin yanzu, amma lokaci mai nisa na gaba kusan babu shi. Ya kafa wannan bisa harsunan Kamba da Kikuyu na ƙasarsa. Kato ya ce ba daidai ba ne a ɗauki harshe biyu a yanke wa Afirka duka hukunci. Ko mu ma muna iya gwada maganar da bakinmu. Bahaushe yana da gobe da jibi da gata da citta, yana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Manomi yakan cika rumbu domin shekarar da bai gani ba tukuna, tsoho kuma yakan dasa itacen da jikokinsa za su sha inuwarsa. Ba sai mutum yana da digiri ba kafin ya gwada maganar mai digiri da abin da ya sani sarai.

Kada wani ya yi tsammani Kato maƙiyin al'adunmu ne. A babban taron bishara na duniya a Lozan ta ƙasar Suwizalan, a 1974, ya yi magana a kan bishara da al'ada. Ya roƙa a bar bishara ta sa rigar Afirka, wajen harshe da waƙa da kiɗa da tufafi da tsarin sujada. Abin da ya ƙi shi ne a taɓa ainihin saƙon, ko a gauraya shi da wani abu. A wurinsa Littafi Mai Tsarki shi ne mudu, al'ada kuwa abin awo ce, ko ta Bature ko ta baƙar fata.

Bai kuma guje wa masu saɓani da shi ba. Sa'anda Majalisar Ekklesiyoyi ta Duniya ta yi babban taronta na biyar a Nairobi, daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba 1975, ya tafi ya zauna ya saurara, ko da shi ke ya soki koyarwarsu da yawa cikin littafinsa. Ya fi so ya ji daga bakinsu da ya ji daga bakin masu ba da labari.

An Auna Shi Kuma

Wanda ya auna na waɗansu, dole a auna nasa. Littafin Kato ya tada ƙura. Mbiti ya ji zafi ƙwarai, ya ce an yi masa mummunar fahimta, an kuma ɗora masa abin da bai nufa ba. Daga baya ya ba da labari cewa sun sadu da Kato a Nairobi kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa, Kato kuma ya nemi gafara saboda zafin waɗansu kalmominsa, ya yi alkawarin gyara. Abokan aikin Kato kuwa sun ce a kan ainihin koyarwar bai ja da baya ba. Abin da ya tabbata shi ne mutanen nan biyu sun zauna fuska da fuska sun yi magana, wannan kuwa abin koyi ne.

A 1992 wani malami na ƙasar Gana, Kwame Bediako, ya fitar da babban littafi inda ya keɓe sura guda domin Kato. A ganinsa Kato ya cika nanata rabuwa tsakanin bishara da rayuwar kakanninmu, bai duba sosai yadda Allah ya shirya zukatansu domin karɓar Kristi ba, ya kuma dogara da yawa ga tunanin malamansa na Amurka. Waɗansu malaman bishara sun amsa cewa Bediako bai yi masa adalci ba.

Mu a namu gani, Kato ya yi daidai a kan babbar magana, watau ceto cikin Kristi kaɗai, da ikon Maganar Allah bisa kowace al'ada. Amma littafinsa na fari ne, na mutum mai gaggawa wanda ya hangi wuta tana zuwa. Akwai wuraren da harshensa ya yi kaifi fiye da bukata, akwai kuma inda ya yanke hukunci a kan abin da yake tsoron marubuci za ya kai gare shi, tun marubucin bai kai ba. Faɗin wannan ba rena shi ba ne. Idan muka haɗiye littafin Kato ba tare da awo ba, mun bar hanyar da shi kansa ya nuna mana.

Rasuwarsa

Bayan taron Nairobi ya tafi bakin teku kusa da Mombasa tare da iyalinsa domin ya huta kaɗan. Ran 19 ga Disamba, 1975, ruwa ya ci shi. Yana da shekara 39 kaɗai. Labarin ya girgiza ekklesiyoyi daga Kenya har Nijeriya, aka kawo gawarsa gida Kwoi aka binne.

Shekarunsa a Nairobi ba su kai uku ba, amma abin da ya shuka ya tsiro. Ya roƙa a kafa manyan makarantun tauhidi biyu, ɗaya domin masu jin Faransanci, ɗaya domin masu jin Ingilishi. Aka buɗe ta fari a Bangi ta Afirka ta Tsakiya a 1977, ta biyu kuma a Nairobi a 1983. Ya roƙa a kafa hukuma mai duba ingancin makarantun tauhidi na Afirka, aka kafa ta a 1976. Maganin da ya ba ekklesiya domin littattafai masu rikitarwa shi ne a ƙara makarantu da malamai da ɗakunan karatu.

Abin Da Za Mu Koya

Bari mu gwada hanyarsa da wani littafi wanda yakan zo hannun mutanenmu a nan arewa, wanda a ke kira Linjilar Barnaba. Maƙwabci yakan kawo shi, sau da yawa da zuciya ɗaya, ya ce ga Linjila ta ainihi wadda aka ɓoye. Mai bi marar shiri yakan yi fushi, ko kuwa ya firgita. Mai bin hanyar Kato za ya karɓa da ladabi, ya karanta, ya yi tambaya: daga ina ya fito, yaushe aka rubuta shi? Tsohon rubutunsa da a ke da shi cikin harshen Italiya yake, yana ajiye a birnin Biyana ta ƙasar Austiriya. An juya shi zuwa Ingilishi a 1907, zuwa Larabci kuma a Alkahira a 1908. Cikinsa an ce Yesu ya shiga jirgin ruwa ya sauka a Nazarat, alhali Nazarat gari ne na kan tudu, ba teku ba tafki. An ce shekarar Yubili tana zuwa bayan shekara 100, alhali Littafin Firistoci 25 ya sa ta bayan 50, Paparoma na Roma ne ya sa ta 100 a shekara ta 1300. Har ma littafin ya ce Yesu ba shi ne Almasihu ba, alhali Alkur'ani kansa yana kiransa Almasihu. Mai bi wanda ya san waɗannan yana iya zama da maƙwabcinsa su duba tare, ba zagi, ba tsoro. Wanda ya ƙone littafin tun bai buɗe ba, ba shi da abin da za ya faɗi.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga gargaɗinmu. Ku fara sanin Littafi Mai Tsarki sosai, gama wanda ba shi da mudu ba ya iya awo. Ku karanta littafi duka kafin ku yanke masa hukunci, Misalai 18:13 ta kira amsa kafin ji wauta. Ku faɗi maganar marubuci yadda shi da kansa za ya yarda haka ya nufa, kada ku ƙara masa. Abin da yake gaskiya ku karɓa ko daga bakin wanda ba namu ba, abin da yake kuskure ku ƙi ko daga bakin wanda muke ƙauna. Sabon mai bi kada ya shiga irin wannan karatu shi kaɗai, sai tare da wanda ya riga shi girma cikin bangaskiya.

Ku kuma dattawa da pastoci, idan saurayi ya kawo maku littafi mai wuya, kada ku kore shi da tsawa. Idan kuka kore shi, za ya karanta a ɓoye, za ya kuwa yi tsammani ba ku da amsa. Ku karɓa, ku karanta, ku nemi taimako wurin waɗanda suka fi ku sani, sa'an nan ku zauna da shi. An yabi mutanen Biriya cikin Ayyukan Manzanni 17:11 domin sun saurari Bulus da yardar rai, suna kuma bincike cikin Littattafai kowace rana su ga ko haka ne. Idan an gwada wa'azin manzo, balle littafin kasuwa.

Bari mu yi addu'a Ubangiji ya tada waɗansu kamar Byang Kato daga cikin 'ya'yanmu na ƙasar Zamfara, masu ƙaunar Maganarsa, masu ƙwazon karatu, masu ladabi wajen amsa wa kowa dalilin begen da ke cikinsu. Amin.